BAYANI: Izinin fayil a kan sabar girgije, yadda ake gyara shi, da abin da ya haɗa shi da takardar sakamakon zaɓe a Mashi

Da yammacin Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, bayan an gama ƙirga ƙuri'u, aiki kaɗan ne ya rage wa jami'in kowace rumfar zaɓe, a Mashi yake ko Sonkaya ko Tamilo. Zai cika takardar sakamako mai lamba EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS, ya aika zuwa IReV, shafin da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta buɗe domin kowa ya ga sakamakon rumfarsa da idonsa. A faɗin ƙasar, hotunan zaɓen sanatoci da na 'yan majalisar wakilai suka riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa suka ƙi. Bisa rahoton da hukumar ta fitar a watan Fabrairun 2024, sai da ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta samu shiga.

A Jihar Katsina wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne. Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. Ratar 6,762 ce, a jihar da ke da rumfuna sama da 6,600, wato kusan ƙuri'a ɗaya a kowace rumfa. A irin wannan takara, duk takardar da ba a gani a kan lokaci ba sai ta bar wa zato ƙofa.

Bayanin INEC shi ne, an tsara manhajar ne ta yadda kowane zaɓe ke ƙarƙashin wata jiha. Kujerar sanatan Katsina ta Arewa, wadda ake kira shiyyar Daura, tana ƙarƙashin Katsina, haka ma kujerar ɗan majalisar wakilai ta Mashi da Dutsi. Zaɓen shugaban ƙasa ba shi da jiha, saboda haka manhajar ta kasa gina jakunkunan da za ta jera hotunansa a ciki, ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, ba zai iya auna shi ba sai ya san yadda saba ke yanke hukuncin wa zai karanta fayil, wa zai rubuta, kuma a wace jaka. Ilimin nan dai shi ne wanda ɗalibin kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura, ko matashin da ke kula da shafin wata ƙungiya a Mashi, ke bukata ran da ya je gyara fayil, saba ta mayar masa da kalmomi biyu na Turanci, "Permission denied", ma'ana an hana izini.

Sabar girgije da masu gida uku

Kalmar girgije suna ne kawai. Sabar girgije kwamfuta ce ta haya da ke zaune a ginin wani kamfani, ba a kashe ta dare da rana, mai haya kuma yana sarrafa ta daga nesa ta intanet. Amazon Web Services, Microsoft Azure, Google Cloud da DigitalOcean suna cikin masu bayar da hayar. Gwamnatin tarayya tana da nata kamfanin, Galaxy Backbone, wanda ke riƙe da shafukan hukumomi da dama. Mafi yawan waɗannan sabobi Linux suke amfani da shi, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, shi kuwa Linux ya gaji tsarin izininsa ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. An yi Unix domin mutane da yawa su yi aiki da kwamfuta ɗaya, don haka tun daga tushe ya zama dole a raba abin kowa da abin wani.

Kowane fayil yana da mamallaki guda, yana da rukuni guda, sai kuma sauran jama'a. Abin ya yi kama da gidan gargajiya: akwai maigida, akwai 'yan gida, akwai baƙo da iyakarsa zaure. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi izini iri uku, na karatu, na rubutu, da na zartarwa, wato kunna fayil ya yi aiki a matsayin manhaja. Umarnin ls -l yana nuna wannan duka a layi ɗaya:

-rw-r--r-- 1 root root index.php

Alamar farko tana nuna fayil ne, da jaka ce da harafin d zai fito. Haruffa tara da ke biye ana karanta su uku-uku. Harafin r karatu ne, w rubutu, x zartarwa, karan tsaye a kwance kuma babu. A wannan misali mamallaki yana karatu da rubutu, rukuni da sauran jama'a karatu kawai suke yi. Sunayen biyu na gaba su ne mamallaki da rukuni, duka root.

Ana kuma rubuta izini da lambobi. Karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa 1, sai a haɗa wa kowane ɓangare nasa. Karatu da rubutu 6 ke nan, karatu da zartarwa 5, duka ukun 7. Layin da ke sama 644 ne. Lambar 600 tana nufin mai shi kaɗai ke gani, 755 kuwa mai shi yana yin komai, saura suna karatu da wucewa.

A kan jaka ma'anar haruffan takan sauya, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Harafin r yana ba da damar ganin sunayen abin da ke ciki. Harafin w yana ba da damar ƙirƙirar fayil, sauya masa suna ko goge shi. Harafin x shi ne izinin ratsawa, kamar izinin wuce zaure zuwa tsakar gida. Fayil na iya zama a buɗe ga kowa amma ba a isa gare shi, domin wata jaka a kan hanya ta hana ratsawa. Haka kuma mutum na iya goge fayil ɗin da ba shi da izinin gyarawa, muddin yana da izinin rubutu a jakar da fayil ɗin ke ciki.

Sama da kowa akwai root, asusun da lambarsa sifili ce, wanda waɗannan haruffa ba sa tsayar da shi. Umarnin sudo aron ikonsa ne na ɗan lokaci.

Inda matsalar ke fitowa

A ɗauki misalin wata ƙungiyar matasa masu sa ido kan zaɓe a Mashi, da ta buɗe shafin WordPress a kan sabar Ubuntu domin ta riƙa wallafa hotunan takardun sakamako daga mazaɓun ƙaramar hukumar. Mai kula da shafin yana shiga sabar da asusun da ake kira ubuntu. Manhajar da ke miƙa shafin ga masu karatu, Apache ko Nginx, tana aiki da wani asusun daban mai suna www-data. Jakar /var/www kuma, yadda ta zo, mallakar root ce. Asusu uku ke nan a gida ɗaya, kuma mafi yawan rikicin izini daga nan yake tasowa.

Ta fuska uku ya fi bayyana. Mai kula da shafi ya buɗe fayil ta SFTP da manhaja irin su FileZilla, ya yi gyara, ya zo adanawa, a hana shi, saboda fayil ɗin na root ne. Ko editan shafi ya zo ɗora hoto daga cikin WordPress, a ce masa ba a iya ƙirƙirar jaka a cikin uploads ba, saboda www-data ba shi da izinin rubutu a wurin. Ko kuma mai karatu ya buɗe shafin ya tarar da lambar 403, saboda www-data ya kasa karanta fayil ko ratsa jakarsa.

Sau da yawa mai kula da shafin ne ke haddasa wa kansa. Ran da aka hana shi, sai ya sa sudo a gaban umarni, aiki ya tafi. Amma duk fayil ɗin da aka ƙirƙira ko aka kwafo da sudo na root ne. Bayan wata guda jakar ta zama gauraye, wannan na root, wancan na ubuntu, wancan na www-data, kowa yana tuntuɓe da kayan wani. Akwai kuma wata dabara ta manhajojin rubutu da ke ƙara rikita lissafi. Wasunsu ba sa rubutu kai tsaye a kan fayil, sukan rubuta sabo a gefe sannan su sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Irin wannan adanawa tana bukatar izinin rubutu a kan jakar, kuma tana iya sauya mamallakin fayil ba tare da mai gyaran ya lura ba.

Bincike kafin gyara

Tambayoyi uku ake fara yi, kowace da umarninta. Umarnin id yana gaya wa mutum da wane asusu yake aiki, kuma yana cikin waɗanne rukunoni. Umarnin ls -l yana nuna mai fayil da izininsa. Umarnin namei -l, idan aka ba shi cikakken adireshin fayil, yana jero izinin kowace jaka tun daga tushe, ta yadda za a ga ƙofar da ta rufe. Idan manhajar shafi ce aka hana, kundin kurakuranta da ke cikin /var/log yakan ambaci fayil ɗin da sunansa.

Ya kamata a karanta saƙon kuskure da kyau, domin ba kowane ƙin adanawa ne matsalar izini ba. Saƙon "Read-only file system" yana nufin faifan gaba ɗaya ya koma na karatu kawai, wani lokaci saboda lahani a jikinsa. Saƙon "No space left on device" cikar faifai ce, abin da ke yawan samun shafin da ke tara hotuna. Idan root ma aka hana shi da "Operation not permitted", a duba da lsattr ko an sa wa fayil ɗin tambarin hana sauyi, wanda chattr -i ke cirewa. A sabobin dangin Red Hat akwai wani mai gadi na biyu, SELinux, da zai iya hana abin da haruffan izini suka halatta. A can ls -Z ke nuna lakabin fayil, restorecon kuma ya mayar da shi daidai. Kashe SELinux gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don su huta, korar mai gadi ne saboda ya tambayi katin shaida.

Gyaran kansa

Ga shafi irin na ƙungiyar Mashi, tsarin da ya fi dacewa shi ne mutum ya mallaki fayiloli, manhajar shafi ta karanta su, kuma a ba ta rubutu a jakar hotuna kaɗai. Kafin a taɓa komai a ɗauki kwafin sabar, domin umarnin da ke bin jaka da 'ya'yanta ba ya da komawa baya.

sudo chown -R ubuntu:www-data /var/www/shafi
sudo find /var/www/shafi -type d -exec chmod 2755 {} +
sudo find /var/www/shafi -type f -exec chmod 644 {} +

Layin farko ya mayar da mallaka ga ubuntu, rukuni kuma www-data. Na biyu ya gyara jakunkuna, na uku fayiloli. An raba su ne saboda jaka tana bukatar x, fayil na rubutu ko hoto ba ya bukata. Wanda ya sa chmod -R 644 a kan komai zai rufe duk jakunkunansa, shafin ya ɗauke nan take. Lambar 2 da ke gaban 755 tana sa duk sabon fayil ya gaji rukunin jakar da aka haife shi a ciki, don kada gaurayen ya dawo.

Daga nan jakunkunan da ke cikin wp-content/uploads sai a ba su 2775, domin www-data ya iya ajiye hoto. Fayil ɗin wp-config.php, inda kalmar sirrin rumbun bayanai take, a ba shi 640, yadda sauran jama'a ba za su gani ba. Idan ana so ubuntu ya iya taɓa abin da www-data ya ajiye, a shigar da shi rukunin da usermod -aG www-data ubuntu, sannan ya fita ya sake shiga, domin sabon rukuni ba ya aiki a zaman da aka riga aka buɗe. Mutane da yawa sun ɓata dare a kan wannan ƙaramin sharaɗi. Manta harafin a cikin umarnin kuwa ya fi muni, don zai cire asusun daga sauran rukunoninsa, har da wanda ke ba shi sudo.

Izinin da sabon fayil ke zuwa da shi yana hannun wani ma'auni mai suna umask. Idan yana kan 022, sabon fayil zai fito 644, rukuni ba ya rubutu. Idan mutum biyu ko uku ke aiki a jaka ɗaya, ana mayar da shi 002, ko a yi amfani da setfacl a ba wani asusu izini da sunansa. Fayilolin tsarin saba da ke cikin /etc kuwa na root ne bisa dalili, ba a karɓe su da chown, ana gyara su ne da sudoedit.

Wannan tsari yana da tsadarsa. Tunda www-data ba ya rubutu a kan manhajar, WordPress ba zai iya sabunta kansa daga burauza ba, zai riƙa neman bayanan FTP. Wasu kan miƙa wa www-data mallakar komai don kauce wa haka. Ya fi sauƙi, amma duk wanda ya samu kafa ta wata tsohuwar manhajar ƙari zai iya sake rubuta shafin baki ɗaya. Ga shafin da ke wallafa alƙaluman zaɓe, gara a jure wahalar sabuntawa da hannu ta wp-cli.

Lambar 777

Duk wanda ya nemi mafita a gaggauce zai gamu da shawarar chmod -R 777. Tana aiki, saƙon kuskure yakan ɓace, shi ya sa ta yaɗu. Abin da ta yi shi ne ta ba kowane asusu da kowace manhaja da ke kan sabar damar karatu da rubutu da zartarwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Lambar ita kaɗai ba ta buɗe wa duk mai intanet ƙofa, amma ta rushe duk katangun cikin gida, ta yadda wanda ya samu shiga ta ƙaramar kafa zai isa ko'ina. A sabar da ake rabawa da wasu masu haya, maƙwabci ma na iya isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, 777 kuwa mai gida ne ya tsaga bangon da hannunsa.

Ga ɗan jarida ko mai sa ido, sauyin da ba a gani ba ya fi rushewar shafi haɗari. Shafin da ya ɗauke kowa ya sani. Hoton EC8A da aka musanya da wani, ko alƙalami ɗaya da aka sauya a jadawali, zai ci gaba da yawo a WhatsApp da sunan ƙungiyar. Idan kuma aka yi kuskuren sa wannan umarni a kan tushen sabar, sudo da SSH sukan daina aiki, domin dukansu suna ƙin fayilolin da kowa ke iya rubutawa. Sake gina sabar daga kwafi yakan fi sauƙi a kan gyara ta.

SSH ɗin ma yana da nasa ƙa'idar. Makullin sirri da ake shiga saba da shi dole ya zama 600 ko 400, in ba haka ba manhajar za ta yi gargaɗi ta ƙi amfani da shi. A kan sabar, jakar .ssh 700 ce, fayil ɗin authorized_keys 600. Wanda zai taɓa waɗannan ya bar taga ɗaya a buɗe, ya gwada shiga ta wata, don kada ya kulle kansa a waje.

Inda chmod ba ya kaiwa

Manyan shafuka ba sa ajiye hotuna a faifan saba. Suna zuba su a ma'ajiya irin S3 ta Amazon, inda babu chmod ko chown. A can rubutacciyar ƙa'ida ce ke fayyace wane asusu zai ɗora, wane zai sauke, kuma ko jama'a za su gani. Wanda aka hana yana samun saƙon AccessDenied da lambar 403. Gyaran shi ne a ƙara wa asusun manhajar izinin da ya rasa a kan ma'ajiyar da ake magana, ita kaɗai. Tagwayen 777 a nan shi ne a buɗe ma'ajiyar ga duniya, kuma siyasa ta riga ta ɗanɗana kuɗarsa.

A watan Yunin 2017 wani mai binciken tsaro, Chris Vickery, ya tarar da bayanan masu zaɓe kusan miliyan 198 na Amurka a ma'ajiyar S3 ta kamfanin Deep Root Analytics, wanda ke yi wa jam'iyyar Republican aiki, babu ko kalmar sirri. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 2016, shi dai ya gano rajistar masu zaɓen Mexico, mutum miliyan 93.4, a buɗe a kan sabar Amazon, kuma bincike ya nuna kwafin da aka bai wa wata jam'iyya ne. Adadin ya yi kusan daidai da na rajistar Najeriya ta 2023, mai mutum 93,469,008, wadda ita ma INEC ta miƙa wa jam'iyyu kwafinta. A duka biyun ba a fasa komai ba, ƙofa aka bari a buɗe. Daga Afrilun 2023 Amazon ya mayar da duk sabuwar ma'ajiyar S3 rufaffiya tun daga haihuwa, sai mai ita ya buɗe da gangan.

A Najeriya irin wannan sakaci yanzu yana da hukunci. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu ran 12 ga Yuni, 2023, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da su. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Ƙungiyar da ke ajiye sunaye da lambobin wayar wakilanta na rumfuna tana cikin waɗanda dokar ta shafa.

Komawa ga IReV

Da wannan ma'auni za a iya sake karanta bayanin INEC. Lambar 403 tana nufin saba ta fahimci bukata ta ƙi. Lambar 500 tana nufin manhajar da kanta ta tuntsure. Abin da rahoton hukumar ya kwatanta na biyun ne: ba a hana BVAS izini ba, manhajar ce ta rasa inda za ta ajiye hoton. A fasahance hakan mai yiwuwa ne. Tun da aka fara amfani da IReV a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020, duk zaɓukan da ya ɗauka, har da na gwamnonin Edo, Ondo, Anambra, Ekiti da Osun, na yanki guda ne. Ran 25 ga Fabrairu ne ya fara karɓar zaɓen da ya game ƙasa. Sai dai wannan bayani, in an karɓe shi, tuhuma ce a kan hukumar, domin yana nufin ba a gwada zaɓe mafi girma yadda ya kamata ba kafin ranarsa.

A kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, ɓangaren Peter Obi ya kawo shaidar da ta ce sabobin Amazon ba su samu tangarɗa a ranar ba. Maganar tata da ta INEC ba lallai su ci karo ba. Ginin haya na iya zama lafiya ƙalau, kayan ɗan haya ne suka lalace a ciki. Abin da zai raba gardama shi ne kundin ayyukan sabar, inda ake ganin wane asusu ya taɓa me, da wane lokaci, da irin gyaran da aka tura a daren. Kotun ta yi watsi da ƙararrakin ran 6 ga Satumba, 2023, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar ran 26 ga Oktoba, inda ta ce IReV shafin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba, don haka gazawarsa ba ta soke zaɓe.

Takardar EC8A, in aka auna ta da ma'aunin Unix, fayil ce mai marubuci ɗaya da masu karatu miliyoyi, kuma bayan an sa hannu ko marubucin bai kamata ya sake taɓa ta ba. Fasahar da ke tabbatar da haka tana nan. S3 yana da tsarin ajiye kowane tsohon kwafi idan an ɗora sabo, yana kuma da kullen da ke hana sauyawa ko gogewa har wa'adin da aka ɗiba ya cika. Tambayoyin da suka dace a yi wa kowace hukumar zaɓe su ne: asusu nawa ke da izinin rubutu a ma'ajiyar sakamako, shin ana iya maye gurbin hoton da aka riga aka ɗora, in an maye ina tsohon yake, kuma wa ke duba kundin ayyuka ban da ma'aikatan hukumar.

Ƙungiyar Mashi ta misali tana iya yi wa nata hotunan irin wannan tsari ba tare da kashe kuɗi ba. A zaɓen 2023, sashe na 60 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi a bai wa wakilan jam'iyyu kwafin takardar sakamako, ana kuma liƙa wata a rumfa, don haka hoton yana samuwa tun a wurin. Da zarar ya iso saba, a kwashe shi daga jakar da www-data ke rubutu zuwa wadda karatu kawai yake yi, a sa masa 444. Sannan a ciro masa zanen yatsa da umarnin sha256sum, wanda ke fitar da jerin haruffa da lambobi 64 da kan sauya gaba ɗaya idan aka taɓa ko ɗigo guda a hoton. A wallafa jerin a daren, tare da sunan mazaɓa da lambar rumfa, a kuma ajiye kwafi na biyu a wurin da kalmar sirrin sabar ba ta buɗewa.